Masana'antar roba a Kano: haya a Sharaɗa ko fili a bayan gari?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana da injin buga roba guda biyu, kana son fito da sabon samfurin buta da bokiti, amma ka rasa zaɓi tsakanin haya mai tsada a Sharaɗa, unguwar masana'antu, da fili mai araha can bayan gari. Ka kuma tambaya ko sanin mutane yana da tasiri wajen ƙirƙiro sabon kaya. Yana da shi ƙwarai, kuma mutanen da za ka riƙa nema kullum su ya kamata su zaɓa maka wurin zama.

Fara duba maganar mol, wato mazubin ƙarfen da ke fitar da siffar kayan. Da wuya sabon mol ya ba da abu mai kyau a gwajin farko. Ko roba ta ƙi cika bakin butar, ko ta tsarto ta inda ɓari biyun suka haɗu, ko gindin ya lotsa bayan ya huce. Robar PP, irin wadda ake buga buta da bokiti da ita, tana ƙanƙancewa da kusan kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 idan ta yi sanyi, to in maƙerin bai sa wannan a lissafi ba, murfi ba zai zauna daidai ba. Kowane gyara kuwa sai an kwance mol, a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya rage ko ya cike da walda, a dawo a ɗaura, a sake bugawa. In yana layin bayanka, aikin yini guda ne. In sai an nemi mota an shigo gari, mako ya tafi. Wanda kowane gwaji ke cinye masa mako, a hankali yakan haƙura, ya koma buga tsohon samfurin da kowa ke bugawa. Abin da kuɗin hayar Sharaɗa ko Bompai ke saya maka ke nan.

Sai wuta. PP tana narkewa a cikin injin a zafin digiri 200 zuwa 250. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai ta daskare a bututun, a jira ya sake ɗaukar zafi, a zubar da bugun farko. Tun Afrilun 2024 masu layin wutar da ake kira Band A ke biyan kuɗi mai yawa bisa alkawarin awa 20 a rana. Kafin ka biya haya, maƙwabtan da ke kan layin za ka tambaya awa nawa suke gani, ba mai wurin ba.

Yanzu mutane. Sabon tunani yawanci daga bakin 'yan sari yake fitowa. Kai wa diloli biyu ko uku na kasuwar Ƙofar Wambai dozin bibbiyu na samfurin, ka koma bayan mako biyu. Kada ka ce "ya kuka gani?", don za su ce madalla. Tambaye su wanne aka dawo da shi, kuma ta ina ya karye. Masu lodi zuwa Maraɗi da Damagaram su damuwarsu bokiti nawa ke shiga cikin juna a mota. Bokitin da jikinsa ya miƙe sosai yana maƙalewa, wanda marikinsa ya yi tudu yana cin wuri. Wannan ba ya cikin takardar injiniya.

Haka masu kawo niƙaƙƙiyar roba daga 'yan jari bola. Riƙe mutum ɗaya ko biyu, ka biya su a kan lokaci, za su riƙa ware maka mai tsabta. Duk da haka zuba kaɗan a ruwa: PP da PE (robar jarka da leda) suna tasowa, PET (robar gorar ruwa) da PVC (robar bututun ruwa) suna nutsewa. PVC in ta shiga injin tana ƙonewa, ta fitar da hayaƙi mai cin ƙarfe. Roba mai danshi kuma tana barin zane-zane da kumfa a jikin kaya, sai an busar da ita.

Zama cikin taro ma yana da nasa ciwon. Samfurin da ya karɓu ba ya daɗewa ba a kwaikwaye shi ba, kuma ƙwararren mai saita injinka ana iya ɗauke shi da ɗan ƙarin albashi. Shi ya sa ake rubuta zafi, lokaci da haɗin kala na kowane mol a littafi, kada su zauna a kan mutum ɗaya. Siffar da ta bambanta da gaske kuma, yi mata rajista a ofishin rajistar tambari da zane na ma'aikatar ciniki ta tarayya kafin ta shiga kasuwa. Rajistar ta shekara 5 ce, ana sabunta ta sau biyu.

Shiga MAN, ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya, da zuwa baje-kolin KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, suna da amfani don haɗuwa da waɗanda ba layinku ɗaya ba, musamman masu abinci da sabulu da ke neman mazubi na musamman. In da hali, sayi filin yanzu ka ajiye, ka kama ƙaramar haya a Sharaɗa har mol ɗinka su daidaita, sannan ka kai bugun yau da kullum filin bayan gari, gwaji ya tsaya a gari.