Ƙanina ya manta da firgicin, ni hannuna bai daina rawa ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni direba ne a Jidda, ina jigilar masu umara zuwa Makka. Ran nan wata tirela ta kusa murƙushe mu ni da ƙanina. Kafin mu kai shingen Shumaisi ya koma hirarsa har da dariya, ni kuwa hannuna na rawa a kan sitiyari har muka sauke fasinja. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Gado ne ko ciwo?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Abin da ya kaɗa maka hannu adirenalin ne, wanda wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda suke zubawa cikin jini idan an firgita. Jiki na ƙera shi daga tayirosin, sinadarin da ke cikin nama, madara da wake: ya zama dofamin, ya zama noradirenalin, sannan adirenalin. Kowane mataki da enzaim ɗinsa, wato sinadarin da ke gudanar da aikin, kowane enzaim kuma ƙwayar halittar gado ce ke tsara shi.

Masu share adirenalin bayan ya gama aiki su ne wasu enzaim biyu, COMT da MAO. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Julius Axelrod, ne ya gano COMT a 1957. Ƙwayar gadon COMT na kan kuromosom na 22 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), kuma iri biyu ce ta fi yawa, ɗaya mai saurin aiki, ɗaya mai nawa. Kowa na karɓar guda daga uwa, guda daga uba, shi ya sa ciki ɗaya kan fitar da 'ya'ya daban-daban.

Amma kada ka ɗora wa gado laifin duka. Cikin minti biyu zuwa uku rabin adirenalin ɗin da ke jini ya tafi, ko ga mai nawar. Rawar hannu ta awa guda na nufin ana ta zuba sabo, domin kai ne ke riƙe da sitiyari, idonka na ganin tirelar nan tana dawowa. Ƙaninka fasinja ne. Ga gahawa da shayi kofi bayan kofi, ga rashin barci lokacin cunkoson Ramadan.

Ni dai ba zan ce ka kashe riyal ɗinka a gwajin ƙwayoyin gado ba. Idan ta sake faruwa, ka faka a gefe, ka riƙa fitar da numfashi a hankali. Sai dai idan bugun zuciya, gumi da ciwon kai na taso maka haka kawai ba tsoro ba komai, je asibiti a auna hawan jini da aikin ƙullutun maƙoshi (tayiroid), a kuma gwada metanefirin, wato abin da adirenalin ke komawa bayan an share shi, a jini ko fitsari, saboda akwai wani ƙari da ba kasafai ake samunsa ba wanda ke tsirowa a ƙullutan nan na saman ƙoda.