A yi aski, a bar wuya

Babana,

Saƙonka ya same ni bayan la'asar. Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan, don ido ya fara gardama. Barka da arziki, Allah Ya raya mana ita, Ya ba mai jego lafiya. Ka ce surukarka ta aiko wanzami ya cire wa jaririya beli ka hana, ga shi ana ta cewa boko ya sa ka raina al'ada. Kana tambaya, a gidanmu da ake kira Gidan Likita, yaya ake yi da wanzami da wankan jego? Amsar tana cikin tarihin mutumin da ka ci sunansa, don haka ka yi haƙuri da tsawon zancen tsohuwa.

Baba dai ba dakta ba ne, shi da bakinsa yake faɗa. Malamin asibiti ne na En'e, wanda ake ce wa disfensa. Mutanen ƙauye ne suka laƙaba masa Likita, in kuwa an kira shi haka a gaban ma'aikata sai ya ce a'a, likita shi ne Barau Dikko ɗan Wusasa, ɗan Arewa na farko da ya je Ingila ya karanto aikin, wanda babban asibitin nan na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Amma a ƙauyen da muka tashi, can ta wajen Soba, daga Allah sai Baba. Haihuwa ta zo da gardama, saran maciji, yaro ya faɗo daga mangwaro, duk ƙofarmu ake bugawa.

Abin da ba a cika gaya muku ba shi ne, mahaifinsa wanzami ne, gado da gado. Zamanin Sarki Ibrahim, da aka matsa wa dagatai su kawo yara makarantar boko, masu hali suka ɓoye nasu, aka damƙe ɗan wanzam aka miƙa. Kaka ya yi kuka kamar an kai yaron kabari. Da Baba ya gama, aikinsa na farko a ƙasar Anchau ne zamanin Sarki Ja'afaru, lokacin da ake yaƙi da ciwon barci, ana sare kurmin bakin rafi don korar ƙudan tsando, ana kwashe mutane zuwa sabon garin da aka raɗa wa Takalafiya. A can ya koyi shafa wuyan mutum ya gane kaluluwar ciwon tun kafin mai ita ya fara gyangyaɗi. Har ya tsufa, in ya dafa kan yaro sai yatsunsa sun gangara wuya, ko bai sani ba.

Ɗakin shan maganin ciki biyu ne da rufin kwano. Ina ganinsa yanzu haka: manyan kwalabe a jere, na tari, na ciki, jan magani na gyambo, da wata ƙaramar tukunya da take kan risho kullum, allurai suna tafasa a ciki. Wannan tukunya ko Inna ba ta isa ta taɓa ta ba. Yana da keke Rali da akwatin katako ɗaure a baya. Da damina in rafi ya kawo, sai ya tuɓe riga ya ɗora keken a ka ya ratsa. Albashi ba ya kai wata, amma ba mu taɓa sayen ƙwai ba, da kaka kuma sai mu wayi gari mu tarar da damin dawa a zaure, ba a san wanda ya ajiye ba.

Yanzu ga maganarka. Ranar sunan yayanmu na fari, Inna ce ta ba ni labari, Kaka ya iso tun asuba da zabirarsa, ya baje askake da ƙaho da ɗan ƙarfen da ake ɗago beli da shi. Jikansa na farko, wa zai yi in ba shi ba? Baba ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ina roƙon arziki. A yi aski, a bar wuya." Zaure ya yi tsit. Kaka ya dube shi ya ce, "Da wannan askar na cire naka, ga ka nan kana magana." Baba bai ɗago ba, bai kuma tashi ba. Aka daɗe a haka har liman ya sa baki. Kaka ya yi askin, da askar da aka tafasa a tukunyar nan, ya naɗe zabira ya tafi ko fura bai sha ba. Mata suka yi ta guna-guni, wai dama wanzami ba ya son jarfa. Sai da aka shekara kafin ya sake taka gidan.

Abin da ya sa Baba tsayawa haka, idonsa ne ya gani. Shi ake kawo wa jariran bayan an gama. Wani jini ya ƙi tsayawa, kuma jinin jariri nawa yake? Wani sai bayan kwanaki ya kasa kama nono, muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare, cutar da suke kira tatanus, wadda ƙarfe mai datti ke kawowa. Ya ce belin nan da ake tsoro wai zai girma ya toshe maƙogwaro, halitta ce, kowa da nasa. Mu tara Inna ta haifa, dukanmu da belinmu, babu wanda ya shaƙe. A kan 'ya mace kuwa ya fi zafi. Abin da ake kira cire angurya, ko sunansa ba a faɗa a gidanmu. Wanda yake ganin wasa ne a sa wa mace aska a wurin nan, ya je asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ya ga masu yoyon fitsari. Yawancinsu doguwar naƙuda ce, amma akwai waɗanda yankan gishiri ne ya kai su.

Kada ka ɗauka Baba ya raina sana'ar gidansu. Shi da kansa wanzami ne yake masa aski duk Juma'a. Da suka shirya da Kaka, tsohon ne ma yake turo masa masu gwaiwa da duk abin da ya ga ya fi ƙarfin ƙaho. Sannan da aka fara lambar agana gari-gari a 1967, mutane suna gudu daji da 'ya'yansu, wanzaman ƙauyukan nan ne Baba ya bi gida-gida. Da aka ga wanzami ya miƙa damtsen ɗansa, sai kowa ya fito. Yau kai ko mai zanen agana a fuska da wuya ka taɓa gani.

Wankan jego kuma ana yi, ni ma na yi har sau shida. Amma Baba ya sa doka uku: a surka ruwan har mai wankan ta iya tsoma gwiwar hannunta, ba a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, kunu kuma a sa masa kanwa kaɗan don ɗanɗano kawai. Tsofaffi suka ce zai bar mu da ɗanyen jiki. Shi kuwa ya gaji da ganin masu jego ƙafa a kumbure, suna haki, ba sa iya kwanciya sai a jingine, musamman da bazara. Daga baya, bayan 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Parry, suka rubuta cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Zariya, suka danganta shi da zafin nan da gishirin kanwa mai tara ruwa a jiki. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma babu wanda ya ce a koma dafa mace.

To ga abin da za ka yi. Kada ka aika wa surukarka saƙon waya, ba tsararka ba ce. Ka sayi goro da turmin atamfa ka je da kanka, ka durƙusa, ka ce al'adar gidanku ce tun kakanni ba a taɓa wuya. Gaskiya ka faɗa, ta kai shekara saba'in. Wanzamin kuma a kira shi ranar suna ya yi askin, sunna ce, a yi sadakar nauyin gashin da azurfa ko kuɗinta. Ka sayo sabuwar reza a buɗe ta a gabanka. A ba shi kasonsa na naman suna da kuɗinsa cif, har da na aikin da bai yi ba, haka Baba yake yi, don kada a ce rowa ce ta sa.

In mai jego ta fara kumburi ko numfashi ya yi mata wuya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, ku wuce asibitin koyarwa na Shika.

Ka turo mini mota ranar Laraba da hantsi, a can zan kwana. Ni zan riƙe yarinyar lokacin aski, in ga mai cewa a buɗe mata baki.

Goggonka