Tambaya da Amsa: Ɗigon gida-gida ba ya tsare yaro daga mashaƙo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Rigasa. Makon jiya ɗan maƙwabciyarmu mai shekara huɗu ya rasu bayan kwana biyar yana ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, aka ce mashaƙo ne. Tun ranar na kasa barci. Ɗana watansa 14, a gida na haife shi, ban taɓa kai shi asibiti rigakafi ba, amma duk zuwan masu ɗigo ana ba shi, ya fi sau shida. Surukata ta ce ai ya gama rigakafi ke nan. Gaskiya ne? Kuma wai ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ba su da wani aiki sai ɗigon shan inna?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba iyayensa haƙuri, ya sa mai ceto ne.

Malama, da girman Hajiya surukarki, amma maganarta ba daidai ba ce. Ɗanki bai gama rigakafi ba, kusan ma a ce bai fara ba. Gobe da safe ki goya shi zuwa asibitin matakin farko na mazaɓarku, ki faɗa musu abu biyu: bai taɓa karɓar allura ba, kuma an yi rasuwar mashaƙo a maƙwabta. Idan yana shiga gidan, ko yaran gidan suna shigowa naku, kada ki ɓoye, domin akwai maganin da ake ba waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar. In kuwa kika ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko wani farin abu kamar yana ya shimfiɗe a cikin maƙoshinsa, ko wuya ya fara kumbura, to kada a jira gari ya waye. Babban asibiti kai tsaye.

Tambayarki ta biyu ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Wannan aiki ya girmi ɗigo nesa ba kusa ba. Tambayi tsofaffin Tudun Wada labarin duba-gari: mai kakin da ke shiga gida ya leƙa randa da kwata da masai, in ya ga ƙazanta a ci maigida tara. Tun 1932 ake horar da su a makarantar koyon tsafta ta Kano. Sai ɗakunan shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin da, waɗanda mutane suka raɗa wa suna sha-ka-tafi. Zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora lafiyar matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi. Daga baya a Kaduna aka tattara ma'aikatan ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha, aka kuma ware asibiti guda a kowace mazaɓa cikin 255 da ke ƙananan hukumomi 23. A can ake awon ciki, karɓar haihuwa, gwajin zazzaɓin cizon sauro, awon nauyin yara, tazarar haihuwa, da rigakafi. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ya kamata a ce labarin rasuwar maƙwabtanku ya riga ya isa teburinsa.

To mu koma kan "ai an ɗiga masa". Wallahi babu kalmar da na fi ji a bakin aiki kamarta, kuma babu wadda ta fi sa ni takaici. Uwa za ta zo da yaro ƙyanda ta rufe masa ido, in ce ina kati, ta ce, "Likita, ai ba ma fashi, duk zuwansu ana ɗiga masa." Ta nuna mini farcensa da aka shafa wa tawada. Wata har ta ce in je in ga alli a bangon gidansu.

Ɗigon nan biyu da ake sa wa yaro a baki maganin cuta guda ne tak: shan inna. Ko sau ashirin aka ɗiga masa, mashaƙo bai san an yi ba. Ƙyanda ma haka, tarin shiƙa haka, sanƙarau haka. Abin da ke tsare mashaƙo allura ce a cinya, wadda muke kira Penta, ana yin ta sau uku: sati 6, sati 10, sati 14. Cuta biyar take tarewa, ciki har da tarin shiƙa, da tsinkau-tsinkau, da ciwon hanta. A wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. 'Yan matan da ke bi gida-gida da ɗan akwatin sanyi ba sa ɗauke da waɗannan, galibinsu ma ba a horar da su yin allura ba. Ma'auni mai sauƙi ga duk uwa: in ba a taɓa tsira wa ɗanki allura a cinya ba, kuma ba ki da kati, to mashaƙo na iya kama shi.

Ba na ɗora laifin a kan iyaye mata kaɗai. Mu ma mun taimaka wajen shuka wannan ruɗani. Bayan jita-jitar da aka yaɗa kan ɗigon a 2003, lokacin da aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa, sai aka juye kuɗi da motoci da 'yan shela duk kan shan inna. An ci nasara, ba na musu: rabon da a ga asalin ƙwayar cutar shan inna a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Amma shekara da shekaru muna buga ƙofa muna cewa "rigakafi ne", ba mu tsaya mun ce na wace cuta ba. Mutane suka ɗauka rigakafi abu ne da ke zuwa ya same ka a zaure. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya taɓa mu a Kafanchan a 2023, yawancin yaran da ya kwantar ba su da cikakkiyar allurar nan, alhali da yawansu an sha shafa musu tawada.

Sannan ga masu ƙara wa Barno dawaki. Yaro ya kasa haɗiye abinci, sai a ce belu ne, a kira wanzami ya sa ƙarfe a maƙogwaron da cuta ta riga ta cinye. Ko a nufi kemis, yaron shago ya zuba ƙwayoyi kala uku a leda. Mashaƙo guba yake saki da ke taɓa zuciya, maganin karya gubar kuwa ba a kemis yake ba. Kwana ukun da aka ɓata tsakanin wanzami da kemis su ne suke cin ran yaro.

Kada wani ya ce miki ya wuce lokaci. Wata 14 ba a makara ba. Za a fara masa, a ba ki kati, ki riƙa komawa bayan kowane sati huɗu har allurar cinya ta cika uku. Zai iya yin ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. Ba komai ba ne, kuma kada Hajiya ta ce "ba ga shi ba". Kyauta ne, allurar da katin duka. Na san akwai abokan aikinmu da ke karɓar "kuɗin kati", akwai kuma masu korar uwa wai ba za a buɗe kwalbar ƙyanda saboda yaro ɗaya ba, tunda in an buɗe sai an zubar da ragowar bayan awa shida. Idan kika gamu da irin wannan, ki nemi shugaban asibitin, ko mai unguwa ya haɗa ki da kwamitin lafiya na mazaɓa. Ki kuma tambayi ranar da suke allurar ƙyanda ki riƙe ta.

Maigida kuma, in kana karantawa: kuɗin Keke Napep zuwa asibitin mazaɓa bai kai na buhun gawayi ba. Ka ba ta izini yau da dare, in da hali ka raka ta. Ku tafi da yayyensa ma a duba nasu, musamman waɗanda suka yi wasa da marigayin.