Wasiƙun kakanmu daga yaƙin Bama

Tambaya: Malam, bayan rasuwar mahaifinmu a Agege mun buɗe adakar kakarmu, muka tarar da wasiƙun da kakanmu ya aiko daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma. A gida ana cewa hafsa ne. Wasu da ajami, wasu da boko, an kuma shafe wasu layuka da baƙar tawada. Me ya jawo haka, kuma yaya za mu adana su?

Amsa: Allah ya jiƙan magabata. Ɗan'uwa, abin da ke hannunku dukiya ce, domin gidaje kaɗan ne irin waɗannan takardu suka tsira a cikinsu.

Batun hafsa tukuna. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa ne hafsoshin rundunar Najeriya, sai bayan yaƙin, a ƙarshen shekarun 1940, aka fara ba 'yan ƙasa wannan muƙami. Mai yiwuwa kakanku saje ne ko samanja, kuma ba ƙaramin matsayi ba ne, don da Hausa ake tafiyar da sojan, su ne kuma ke tsakanin Bature da kurata. A can Bama, cikin rundunonin Afirka ta Yamma da 'yan Najeriya ke ciki, ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 kuma a yankin Arakan. Barikin Myohaung da ke Yaba da na Arakan da ke Apapa daga can suka samo suna.

Baƙar tawadar aikin masu tace wasiƙa ce. Kafin takarda ta bar sansani sai hafsa ya karanta, ya shafe sunan gari ko jirgin ruwa, don kada labari ya kai kunnen Japanawa. Shi ya sa za ku ga gaisuwa ta cinye rabin shafi, sai tambayar damina, da ko kuɗin da ya aiko sun iso. Mutumin da ke kwana cikin taɓo da sauro zai rubuta wa mahaifiyarsa cewa lafiya lau yake, don hankalinta ya kwanta. Wannan wurin yakan taɓa mini zuciya. Bambancin rubutu kuwa, da yawa faɗa suke yi wani malami ko akawu ya rubuta musu.

Kada ku yar da ambulan. Lambar soja da hatimin da ke kansa za su iya taimakawa wajen gano bataliyarsa, da su za ku fara bincike a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Babban abin tsoro shi ne laimar Legas. Ku cire ƙusar da ta yi tsatsa, kada ku manna salatif, kada kuma ku kai a liƙe su cikin roba da zafi, don ba sa sake fitowa. Ku shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu, nesa da bango da ƙasa, ku ɗauki hotonta gaba da baya. Sannan ku samu dattijo mai karanta ajami, a masallacin unguwa ba za a rasa ba, ya karanta da ƙarfi kuna naɗar murya, tsofaffin gidan suna zaune, don su faɗa muku su wane ne ake gaisarwa.