Ina son digiri na biyu, amma ba zan iya ajiye aikina ba

Assalamu alaikum Anti,

Ni matar aure ce mai yara, kuma ina aiki a sashen saye da adana kaya na wani kamfani tun bayan da na kammala digirina na farko. Shugabannina suna yaba aikina, amma duk lokacin da gurbin manaja ya buɗe sai a ɗauko mai digiri na biyu a ɗora mana, kuma sau da yawa ni ce nake nuna masa yadda sashen yake tafiya. Wannan ne ya sa na ƙuduri aniyar komawa karatu, har na samu gurbi a makarantu biyu.

Ta farko tsohuwar jami'a ce mai suna, wadda ta shahara da bincike, sai dai karatunta na cikakken lokaci ne, kuma kamfaninmu ba ya ba da hutun ƙaro ilimi da albashi. Ta biyu makaranta ce da ta taso daga kwalejin fasaha, ta fi mayar da hankali ga koyar da aiki, tana yin darussa da maraice da ƙarshen mako da kuma ta intanet, kuma ana biyan kuɗin kwas ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya fi natsuwa da ta biyun. Yayana kuwa, wanda malamin jami'a ne, ya ce takardar irin waɗannan makarantu ba ta da nauyi, kuma za ta rufe mini ƙofar digirin digirgir. Ina tsoron in kashe kuɗi da lokaci a kan takardar da ba wanda zai daraja, kuma ina tsoron in fara in kasa ƙarasawa. Don Allah Anti, ki ba ni shawara.

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Wasiƙarki ta riga ta faɗi abin da kike nema da wannan digiri, wato kujerar manaja a fannin da kika ƙware a kansa. Ba ki ambaci sha'awar koyarwa a jami'a ko zama mai bincike ba. Yayanki ne ya kawo maganar digirin digirgir, kuma ba laifinsa ba ne, domin da ma'aunin aikinsa yake auna karatu. Saboda haka ni ma na karkata ga makaranta ta biyu, amma da sharuɗɗa, kuma kada ki biya ko kwabo kafin ki tabbatar da su.

Zancen cewa karatun da ba a zaune a aji ake yinsa ba ba shi da daraja ya daɗe da tsufa. Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawar digirinta ga ɗaliban da ba sa zaune a harabarta tun 1858, Jami'ar Afirka ta Kudu ta fara koyarwa daga nesa a 1946, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya kuma an kafa ta a 1969. Haka nan asalin makaranta daga kwalejin fasaha ba aibi ba ne, domin a 1992 doka ta ba kwalejojin fasaha na Birtaniya damar zama cikakkun jami'o'i, a Jamus kuma jami'o'in koyar da aiki da ake kira Fachhochschule suna ba da digiri na biyu wanda hukuma ta amince da shi. Amma yayanki yana da gaskiya a wuri ɗaya: akwai masu fakewa da sauƙin karatun intanet suna sayar da takardar banza. Abin da ke raba tsakani shi ne amincewar hukuma. Ki shiga shafin hukumar da ke tantance manyan makarantu a ƙasar da makarantar take, ki nemo sunanta da kanki, sannan ki duba ko an amince da wannan kwas ɗin takamaimai da kuma tsarin koyar da shi daga nesa, domin yakan faru makaranta tana da lasisi amma wani kwas nata bai samu sahalewa ba. Tambarin da ke jikin tallar makarantar ba hujja ba ne. Idan kwas ɗin na harkar kasuwanci ne, tantancewar ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa masu auna ingancin karatun kasuwanci, irin su AACSB ko AMBA, ƙarin alama ce mai kyau, ko da yake rashinta kaɗai bai isa a yi watsi da makaranta ba.

Inda nake son ki fi tsayawa shi ne tsoronki na biyu, domin shi ne ya fi kayar da masu aiki. Sassaucin lokaci yana ba ki damar zaɓar sa'ar da za ki yi karatu, amma ba ya rage yawan karatun ko kaɗan. Ki ɗauki tsarin Birtaniya a matsayin ma'auni: digiri na biyu kiredit 180 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin karatu), kuma ana lissafa kowane kiredit da awa 10 na karatu, wato awa 1,800 ke nan gaba ɗaya. Idan kika raba wannan a kan shekara biyu, za ki buƙaci kusan awa 17 a kowane mako ba tare da hutu ba. Idan shekara uku ce, kusan awa 12. Ki zauna da maigidanki ku duba makonku da gaskiya, ku fitar da waɗannan awanni daga inda suke, ku san wa zai riƙe yara a lokacin. Goyon bayan baki yana da daɗi, amma wanda zai kai ki ga kammalawa shi ne wanda ya zo da rabon ayyukan gida. Idan awa 12 ce kawai ta fito, ki zaɓi shekara uku ba tare da jin kunya ba.

Bayan haka ki nemi makarantar ta fayyace miki a rubuce abin da take nufi da sassauci, domin ba a cinikin biri a sama. Shin ana naɗar darussan ne a kalla daga baya, ko dole sai an halarta kai tsaye a wata sa'a? Akwai makonnin da ake tilasta zuwa harabar makaranta? A ina ake zana jarrabawa? Idan haihuwa ko rashin lafiya ko nauyin aiki ya taso, za a bar ki ki dakatar da zango ɗaya ba tare da asarar kuɗi ko maki ba, kuma shekara nawa ce iyakar kammalawa? Ki tambaya kuma ko kwas ɗin yana da matakan fita. A makarantu da dama masu bin tsarin Birtaniya, wanda ya tara kiredit 60 yana iya karɓar satifiket na gaba da digiri, wanda ya kai 120 ya karɓi difloma, ta yadda ko rayuwa ta katse masa hanzari ba zai tashi hannu rabbana ba. Ga mace mai aiki da iyali, wannan tanadi ya fi kyawun gine-ginen makarantar amfani nesa ba kusa ba.

Da'awar koyar da aiki ita ma sai an gwada ta. Ki karanta jerin kwasa-kwasan, ki ga ko suna taɓa abin da manajan sashenku yake yi kullum, kamar ƙulla kwangila da masu kawo kaya, da lissafin kuɗin ajiya, da tafiyar da ma'aikata. Ki duba ko malaman sun taɓa yin aikin da suke koyarwa, ki kuma nemi tsofaffin ɗalibai da kanki ki ji daga bakinsu, musamman a kan yadda malamai ke amsa saƙo da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a duba aikin ɗalibi. Game da digirin digirgir, idan kwas ɗin yana da darasin dabarun bincike da kundin kammalawa mai nauyi, ƙofar ba ta rufe ba, duk da cewa kowace jami'a da nata sharuɗɗan ɗauka. A nan ne yayanki zai yi miki amfani ƙwarai, don haka ki ba shi manhajar ya duba miki ingancin ɓangaren binciken.

Kafin ki cike fom ɗin rajista, ki je sashen kula da ma'aikata na kamfaninku ki tambaya ko suna karɓar digirin wannan makaranta wajen ƙarin girma, kuma ki nemi amsar a rubuce. A wannan zaman ki gabatar musu da buƙatar sassauta miki lokacin tashi a ranakun darasi, tare da tayin cewa za ki yi kundin kammalawarki a kan wata matsala ta gaske da ke damun sashenku. Idan suka ce ba sa karɓa, kada ki yi gaggawar ajiye aiki don tsohuwar jami'ar. Ki rubuto mini mu duba wasu makarantun da ke da irin wannan tsari.

Allah Ya yi miki jagora.

Antinki