An Fasa Aurena Bayan Mun Kai Lefe, Zan Iya Karɓo Kayana?

Tambaya: Barista, shekara biyu ina neman wata yarinya a nan Kano. Iyayena sun kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, mun kai lefe akwati shida da sadaki. Saura wata ɗaya biki sai mahaifinta ya aiko cewa an fasa, wani za a ba. Har waya na saya mata. Kotu za ta karɓo mini kayana?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka haƙuri, ya musanya maka da mafi alheri.

Sadaki dai babu ja a kansa. Ɗaurin aure ne ke wajabta shi, tunda kuwa ba a ɗaura ba, za a dawo maka da shi cif-cif, ko da kai ne ka fasa.

Lefe da waya da kuɗin gaisuwa su ne wurin rigimar. Kotunan shari'ar Musulunci na Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma malaman mazhabar sun yi saɓani. Wasu sun ce kyauta ta tafi ke nan. Amma maganar da Shehu Dardiri, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya rinjayar, wadda ni ma nake ganin ta fi kusa da adalci, ita ce a duba daga ina fasawar ta fito. In namiji ne ya janye, ba ya karɓar kyautarsa. In daga gidan mace ne, sai a mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. Al'adarmu kuwa tana tare da kai: kowa ya san ana mayar da akwatuna in gidan amarya suka fasa.

Inda masu ƙara ke faɗuwa shi ne hujja. Mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa. Gwaggonninka da yayyenka da suka kai lefen, suka buɗe akwati aka ƙirga turmin atamfa da leshi a gaban dangin yarinya, su ne suka san abin da ke ciki. Samo jerin kayan in an rubuta, da rasit ɗin wayar, da shaidar tura kuɗi ta banki. Ka kuma riƙe sunan wanda aka aiko da saƙon fasawar, domin sau da yawa a gaban alƙali sai magana ta juya a ce saurayi ne ya ɗauke ƙafa.

Kuɗin zance da katin waya da tsarabar sallah, shawarata ka bar su. Tabbatar da su na da wuya, kuma lissafa su na zubar da girma.

Kafin kotu, waliyyinka ya je ya sami waliyyinta, ko ku kai maganar ofishin Hisbah a yi sulhu. In sun ƙi, sai ka shigar da ƙara a kotun shari'ar da ke yankin gidansu.