Tambaya da amsa: Na ƙera motar tsere da hannuna, amma Dada ta ce makara na haɗa wa kaina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baffa Injiniya. Ni bakanike ne a Gombe, shekarata 24. Wata takwas ke nan ina haɗa ƙaramar motar tseren daji, irin wadda ake kira bagi, da injin Golf 3 da na saya wajen masu fasa mota. Na mayar da injin baya, tana tashi, tana tafiya. Kejin da zai kare direba mun yi shi da fayif ɗin ruwa inci ɗaya da rabi, kuma mai waldata ya rantse ko tirela ta hau kai ba zai lotsa ba. Ni da abokaina muna so mu fara tsere bayan girbi. To amma Dada ta ce makara na haɗa wa kaina, kuma tun ranar ban ƙara barcin kirki ba, musamman da yake ƙanena ne zai zauna a gefena. Ta ina zan fara, wace takarda zan nema, kuma motar nan za ta kare mu kuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa Dada da alheri. Ba ta san Golf ba, ba ta san walda ba, amma abin da ta faɗa shi ni ma zan faɗa bayan shekara talatin ina gaban wuta: a yadda ka siffanta motar nan, kada ka hau, kada ka ɗora ƙanenka.

Inji ba shi da laifi. Mayar da shi baya dabara ce mai kyau, don nauyi ya sauka a kan tayoyin da ke turawa, yashi ba zai riƙe ka da wuri ba. Bagin da wani Ba'amurke, Bruce Meyers, ya yi suna da shi a 1964 ma da kayan Volkswagen Beetle ya haɗa shi, mai inji a baya. Sai dai ka duba sandunan sitiyarin da suka biyo injin zuwa baya, ka tabbata ka ɗaure su gam a jikin firam. Ranar da ɗaya ta saki, tayar baya ce za ta zaɓa maka hanya. Ka kuma tuna injin nan, mai ƙarfin doki 75 ko 90, an yi shi ne don jan motar da ta haura tan ɗaya. Kai ka kwashe masa rabin kayan.

Mu zo kan fayif, don nan ne zuciyata ke tafasa. Da wuya mako ya wuce ba a turo mini hoton irin kejin nan ba, an fesa masa jan fenti yana walƙiya, mai shi yana tsaye yana murmushi. Kullum maganar ɗaya ce: ai ƙarfe ƙarfe ne, wannan kuwa ga kauri ga nauyi. Ba haka ba ne. Fayif ɗin ruwa faranti ne aka naɗe kamar tabarma, aka ɗinke bakin da baki. Zura yatsa cikin guntun da ya rage maka, za ka ji layin ɗinkin tun daga wannan kai har wancan. Aikinsa riƙe ruwan da ke turawa daga ciki a hankali. Ba a yi shi don ya sha duka daga waje ba, kuma in ya lanƙwashe da ƙarfi, wannan layin ne ke iya buɗewa kamar kwaɓar gyaɗa. Wasu ma ba na ruwan suke samu ba, na kujeru da gadon ƙarfe suke saye, wanda kaurin bangonsa bai wuce milimita ɗaya ba.

Shi mai rantsuwa da tirela, ka tambaye shi sau nawa ya ga kejin da ya ƙera bayan mota ta yi adungure. Ɗora kaya a hankali daban, duka daban. Ɗan dako yana ɗaukar buhun masara a ka ya yi tafiyarsa, amma a sako masa buhun nan daga saman rumbu, wuyansa ne zai tafi. Ga lissafin: karo a gudun kilomita 40 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 6. A kilomita 60 kuwa mita 14 ne, bene mai hawa huɗu ke nan. In ka ninka gudu, dukan ya ninka sau huɗu. Kuma mota ba ta faɗuwa a daidai kan rufinta kamar an ajiye faifai a kan ƙwarya. Da kusurwa take sauka, ta gefe, ta tashi ta sake sauka, duka na biyu ya tarar da wurin da na farko ya tsaga.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba don son wahalar da mutane ta rubuta ƙa'idar keji ba. Ta ce bututun ya zama marar ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi, sinadarin kabon da ke cikinsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Babban baka, wanda ke bayan kan direba, faɗinsa milimita 45 da kaurin bango 2.5, ko 50 da kaurin 2. Sauran sanduna 38 da 2.5, ko 40 da 2. Har ɗaliban jami'a da ke gasar Baja SAE, wadda aka fara a Amurka a 1976 aka kuma daɗe ana yinta da injin doki goma kacal, ba a barin motarsu ta taka fili sai alƙalai sun bincike kejinta. Doki goma fa. Kai kana da bakwai ko tara irinsa a bayan kujerarka.

Ko ka sami bututun kirki, ana iya kashe shi a wajen lanƙwasawa. Na ga masu cika shi da yashi su gasa da wutar gas har ya yi ja. Na ga masu yanka shi su haɗa kusurwa da walda. Na taɓa ganin wanda ya sa gwiwar famfo mai zare, wallahi, irin ta banɗaki. Babban baka guda ɗaya ne, ba gutsure-gutsure ba, kuma a sanyi ake lanƙwasa shi da injin da ke da mazaunin da ya yi daidai da faɗinsa. Lanƙwasar ta zama mai faɗi, aƙalla ninki uku na faɗin bututun. In ka ga wurin ya yamutse ko ya baje, wannan ya zama na 'yan gwangwan. Sannan a gitta masa sanda daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, a tokare shi da biyu zuwa baya. Ka san ƙofar langa-langa da kafinta ya manta bai gitta mata katako ba, yadda take zubewa gefe kafin damina ta fita? Haka keji mai kusurwa huɗu yake. Ƙafafunsa kuma su sauka a kan faranti mai kaurin milimita 3 aƙalla, ba a kan siririn bodi ba, in ba haka ba kejin zai tsira, ƙafarsa ce za ta huda ƙasan motar ta nutse da kai.

Sai walda. Farin rufin nan na zink da ke hana fayif ɗin ruwa tsatsa, in wuta ta taɓa shi tururi yake zama, ya bar ƙananan ramuka cikin waldar kamar saƙar zuma. Daga waje lafiya lau, musamman in an bi da injin goga an shafe da fila. Kuma farin hayaƙin nan ne ke sa masu walda zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, su ce wai gwangwanin madara zai wanke. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya tafi. Wannan ma wata jita-jita ce da na gaji da ita.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka ba mai waldarka guntaye biyu ya haɗa maka kamar yadda ya haɗa na motar, bakin ɗaya a fafe shi ya rungumi ɗayan, wuta ta zagaye shi kaf. Ka matse a teburi ka sa masa guduma har ya rabu. In ƙarfen ne ya yage a gefe waldar tana nan, hannunsa ya nuna. In waldar ce ta ɓalle fes kamar ɓawon ƙwai, ƙofar gida da tagogi ya iya, kuma ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Sannan ka ɗauki madubi da tocila ka leƙa bayan kowace mahaɗa a motarka. Inda hannu bai kai ba, nan ake tsallakewa.

Wani yaro da na sani ya kife a busasshen rafi, gudun da bai kai na Keke Napep ba. Kejin irin naka ne. Kusurwar da ke saman kansa ta durƙushe, fayif ya yage, bakinsa ya zama wuƙa. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau hannunsa na hagu ba ya ɗaga buta. Mai waldar da ya zo dubiya cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, kuma ban ga yadda igiyar da ka san ruɓaɓɓiya ce za ta zama ɗauri ba.

Ƙanwar wannan magana ita ce ta bel: wai gara a bar jiki sake don in mota za ta kife mutum ya yi tsalle. Ba wanda ke tsalle. Abin ba ya kai ƙiftawar ido biyu, kuma wanda motar ta cilla waje sau da yawa ita ce ke biyo shi ta danne. Keji ba bel, kai ne tsakuwar cikin caki. Ka nemi bel ɗin tsere mai maɗauri biyar ko shida, har da na tsakanin cinya da ke hana mutum sulalewa ta ƙasa. Na kafaɗa a ɗaure su a sandar da ke daidai tsayin kafaɗarka ko ƙasa kaɗan. In ka kai su can ƙasan mota, ranar karo ƙashin bayanka za su matse. Ka zauna da hular kwano a ka, a auna: tsakanin hular da saman keji a sami aƙalla santimita 5. Hular ta babur mai rufe haɓa, mai tambarin ECE na gaske (shaidar gwajin inganci ta ƙasashen Turai), ba ta 'yan gini ba. A sa raga a gefe, don hannu da kansa yake fita neman ƙasa in mota ta karkata.

Sauran ka san su, kai bakanike ne. Jarka ba tanki ba ce. Tankin ƙarfe, nesa da salansa, da faranti tsakaninsa da bayanka, da murfin da ba ya zuba ko an kife shi. Batir a ɗaure, da makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya inda hannunka da na mai ceto za su kai. Tukunyar kashe gobara mai kilo 2. Kayan auduga, ban da rigar ƙwallo, don ita narkewa take ta manne da fata. Bayan girbi kuma hunturu ne, ƙura za ta cinye maka inji in matatar iska ba ta sama kuma ba ka wanke ta.

Batun takarda ba zan ɓata maka lokaci ba. Na taɓa yawo da fayil ofishi uku kan irin wannan, kowa ya ce ba teburinsa ba ne, na ƙarshe ya ce in dawo idan oga ya dawo daga taro. Abin da ya shafe ka shi ne motar da ba rajista ba lamba ba ta da hurumin hawa kwalta, kuma in jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sanda suka kama ka a hanyar Dukku ko ta Kumo, su ke da gaskiya. Ka ɗora ta a a-kori-kura zuwa fili. Izinin da ya fi muhimmanci na mai gona ne da na mai unguwa ko dagaci, sannan ku kai wa ofishin 'yan sandan yankin takarda mai rana da lokaci, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ku kauce wa burtali da hanyar masu ɗiban ruwa. Ku taka filin da ƙafa tukuna, don ƙasar Gombe ka san ta da zaizaya, kwarin da babu shi bara yana iya kasancewa bana, ciyawa ta rufe bakinsa.

Kuma kada ku fara da jerawa ku tashi tare kamar sukuwar sallah. Ku zana zagaye na kilomita ɗaya, mota ɗaya a fili, agogon waya yana ƙirga. Haka ake yawancin tseren rali, kowa da lokacin tashinsa. Yara za su zo, ba makawa. Ku sa manya su tsare su ta ɓangaren cikin kwanar hanya, can nesa, ba a wajenta ba inda mota ke zamewa ta nufa. A ajiye mota ɗaya da mai a ciki da direba a kusa, da wanda ya san ba a fizgo mai ciwon wuya ta hammata.

Ƙanenka ya riƙe agogo a wannan shekarar. Kujerar gefe sai ka yi wata da watanni kai kaɗai, kuma sai Dada ta yarda da bakinta, ba shirun gajiya ba. Bututu marar ɗinki sai ka cigita wajen manyan dilolin ƙarfe, irin na Ƙofar Ruwa a Kano, ka je da tocila da ma'aunin kauri, kada ka saya ta waya. Kafin nan ɗauki zarto ka yanko mahaɗa ɗaya daga kejin da ke kan motar, ka tsaga ta biyu, ka turo mini hoton cikinta.